Belmonte da Layin da Ya Sha Mai

Ƙarfe ɗaya na dare ya gota, an ɗauke wuta, cajin wayata saura ƙiris, ni kuwa ina ta mayar da wani guntun bidiyo baya. Daƙiƙa huɗu ne duka-duka. Wani Bature ya rungumi ƙwallo da hannu biyu kamar mai ɗauke da tulu, ya yi taku, ya yi ɗan tsalle, ya sunkuya, ya sake ta. Ƙwallon ta tafi tana sulɓi, ta nufi kwata, har na ce shi ke nan ta halaka, sai ta waiwayo. Waiwayen nan ne ya hana ni barci. Uwargida ta ɗaga kai daga filo ta ce, "Malam, wai wannan ba jifan ɗazu ba ne?" Na ce shi ne. Ta ce, "To canzawa zai yi?" Ta juya ta ci gaba da barcinta, ni kuma na sake mayar da shi.

Sunan mutumin Jason Belmonte, ɗan ƙasar Ostareliya, sana'arsa wasan bolin. Gara in faɗa tun yanzu: a wannan sharhi ni ba alƙali ba ne, maroƙi ne, kuma ba a biya ni ko sisi ba. Wanda ke neman a auna mutumin nan da ma'aunin sanyin rai sai ya nemi wani marubucin.

Ga wanda bai san wasan ba, a ido ba shi da wani wuya. Dogon layi ne mai sheƙi, ƙafa 60 daga inda za ka saki ƙwallo zuwa kwalbar farko. A can ƙarshe an jera kwalaben katako guda goma, kowace tsayinta inci 15. A hannunka ƙwallo ce da nauyinta ba ya wuce laba 16, wato kilo bakwai da 'yan kai. Ka gangara ta, ka zubar da kwalabe. In ka share goman a jifa ɗaya, ka yi abin da ake so. Shi ke nan abin da ɗan kallo ke gani, shi ya sa ma wasu ke cewa ai wasan bikin yara ne.

Abin da ɗan kallo ba ya gani shi ne mai.

Kafin a fara wasa, akwai injin da ke bin layin yana wanke shi yana shafa masa mai. Asalin abin don kare katako ne, tun zamanin da ake yin layi da itace zalla, kada ƙwallo ta ƙona shi da gogayya. Amma da tafiya ta yi tafiya, man ya koma shi ne wasan kansa. Faɗin layi falanki 39 ne sirara, kuma injin na iya ba kowane falanki nasa rabon. Man ba shi da yawa, cokali biyu na cin abinci sun ishi layi guda. Amma inda aka zuba shi, da nisan da aka kai shi, su ke raba gwani da ɗan koyo. A gidajen wasa na kowa da kowa, akan tara man a tsakiya a bar gefe kusan a bushe. In ka kauce waje, busasshen gefen ya turo maka ƙwallon ciki. In ka kauce ciki, man ya riƙe ta. Layin ne ke yi maka rabin aikin, kai kuma ka fita kana ɗaga kafaɗa. A gasar ƙwararru ta PBA a Amurka babu wannan gatan. Ana shimfiɗa man kusan bai-ɗaya daga gefe zuwa gefe, kuskuren falanki biyu sai ya tona maka asiri. Har sunayen dabbobi suka raɗa wa salon shafe-shafen: akwai kunama, akwai hawainiya, akwai kububuwa, akwai kifin shak mai dogon mai. Akwai kuma wanda suka kira Badger, wata dabba 'yar uwar dage, da suka fito da shi mai tsawon ƙafa 52. Lissafa da kanka. Ƙafa takwas kacal suka rage a bushe, a cikinsu ake so ƙwallo mai nauyin kilo bakwai, da ta taho a guje, ta karya kwana.

Me ya sa dole sai ta karya kwanar? Saboda kwalaben nan ba sa son a zo musu gaba da gaba. Mai jifa da dama yana neman ratar da ke tsakanin kwalba ta ɗaya da ta uku, wadda 'yan wasa ke kira aljihu, kuma yana so ya shige ta a karkace. Hukumar wasan ta Amurka, USBC, ta nuna cewa shiga da karkatar da ta kai kamar digiri shida ita ce ta fi share goma. A jifa mai kyau, kwalabe huɗu kawai ƙwallon ke taɓawa da kanta: ta ɗaya, ta uku, ta biyar da ta tara. Sauran shidan 'yan uwansu ne ke kayar da su. In kuwa ƙwallon ta iso aljihu tana sulɓi, ba ta kama ƙasa ba, kwalbar farko ce za ta ture ta gefe, sai ka ga ta goma ta tsaya ƙiƙam a lungu tana kallonka, ko ta biyar a tsakiya kamar an dasa ta.

To a nan ne layi mai yawan mai ke cin mutuncin mutane. Tafiyar ƙwallo hawa uku ce: ta yi sulɓi a kan mai, ta ciji ƙasa ta lanƙwaso, sannan ta miƙe tana gangarawa da cikakken nauyinta cikin kwalabe. Mai in ya yi yawa ya yi tsawo, sai hawa na farko ya cinye na biyu, na uku kuwa ko ƙyallinsa ba za a gani ba. Duk wanda ya taɓa taka birkin babur a kan laka bayan ruwan Agusta ya san yanayin. Kana juya kan mashin, mashin na tafiya inda ya ga dama.

Yanzu ku zo mu kalli gwanina.

An haife shi a 1983 a garin Orange, jihar New South Wales. Iyayensa ke da gidan wasan bolin na garin, a nan ya yi rarrafe. Yana ɗan wata 18 ya fara tura ƙwallo, kuma da yake ta fi ƙarfin hannunsa ɗaya, sai ya haɗa biyu. Yara da yawa haka suke farawa, in sun yi ƙwari a ce su daina. Shi da aka ce ya daina, ya ƙi. Allah Ya saka wa wannan taurin kai da alheri! Da ya ji maganar manya, da yanzu wataƙila yana can yana ba da hayar takalma a kantin babansa, ni kuma da ina samun barcina.

Sai ka rage gudun hoton sannan za ka ga abin da yake yi. Yatsu biyu kawai yake sa wa cikin ramukan ƙwallon, na tsakiya da mai bi masa. Babban yatsa ba ya shiga ko'ina, ƙwallonsa ma ba ta da raminsa. Ƙwallon na zaune a tafin hannun dama, wuyan hannun a lanƙwashe ciki har tana jingina da damtse, hannun hagu kuma na tallafe da ita ta gaba kada ta suɓuce. Da yake hannu biyu ba sa barin mutum ya wurga ƙwallo can sama ta baya, sai ya nemo gudun daga ƙafa. Shi ne dalilin ɗan tsallen nan da yake yi kafin takun ƙarshe, wanda in ka gan shi karon farko za ka ɗauka tuntuɓe ya yi. Kafaɗu sun murɗe, baya ya sunkuya, kai ya yi ƙasa. Sai ƙafar hagu ta zame ta tsaya cak. A wannan ƙiftawar ido hannun hagu ya riga ya janye, gwiwar hannun dama ta miƙe, wuyan hannun da ke naɗe ya warware, ƙwallon ta gangaro daga tafi zuwa kan yatsu, yatsun kuma, da suke can ƙarƙashinta, suka bi ta da shafa zuwa sama.

Kai! Ko a rage gudun sau takwas, hannun nan ba ya nuna alamar wahala. Babu fizga, babu yunƙurin mai ɗaga buhu. Kamar mai warware tabarma da jifa ɗaya. Amma ƙwallon na barin yatsunsa tana juyi kusan 600 a minti, wato sau goma a kowace daƙiƙa, alhali ƙwararru da yawa masu hannu ɗaya suna tsakanin 300 da 400 ne. Tambarin da ke jikin ƙwallon ɓacewa yake yi, ya koma zobe.

Na san yadda kishiyar wannan take, don na gwada. Wata rana na je wani gidan wasa a Abuja da ƙanena, cike da ilimin YouTube. Na zaɓi ƙwallo daga kan kanta, na ƙi sa babban yatsa, na rungume ta, na yi tsallen, na murɗa wuyan hannu da iyakar ƙarfina kamar mai buɗe murfin kwalbar da ya cije. Ƙwallon ta faɗi da ƙara, ta yi ta wulwulawa a tsaye, ta zarce kwata ba ta ko gaisa da kwalba ɗaya ba. Ƙanena ya riƙe ciki yana cewa, "Yaya, wannan ai katantanwa ka yi!" Kwana uku ina shafa man zafi. Amma yaron nan, da bai san komai game da wasan ba, ya faɗi gaskiyar da na kasa ganewa a bidiyo ɗari.

Juyi iri-iri ne. Akwai na katantanwa, wanda abu ke wulwulawa a kan ɗan tsininsa. Akwai kuma na gare-gare, wanda taya ke mirginawa gaba da dukan gefenta a ƙasa. Ƙwallon da aka murɗa ta sama, hannu ya zagaye ta kamar mai juya marfin tukunya, juyin katantanwa take yi: ɗan ƙaramin zobe ne na jikinta ke taɓa layi, don haka a kan mai sulɓi kawai za ta yi ta yi har ta isa. Za ka ga tana juyi kamar ta tashi sama, amma juyin banza ne. Wadda hannu ya tsaya a bayanta da ƙarƙashinta, yatsu suka ɗaga ta gaba tare da 'yar karkata kaɗan zuwa gefe, ita ce ke neman ƙasa tun da wuri. A layin da ya sha mai, wannan ake so. Yawan juyi na da amfani, amma fuskar da juyin ya kalla ta fi shi.

Abin da ya sa nake kiran Belmonte gwani ke nan, ba don yana da 600 ba kawai. Samari masu 500 da 600 yanzu sun cika gasa. Shi yana da maɓallin ragewa da ƙarawa a hannu. Kalli wasansa a kan gajeren mai, ka ga hannun ya ɗan zagayo gefen ƙwallon, ta tafi can bakin kwata ta dawo kamar an kira ta da suna. Sa na dogon mai kuma, ka ga mutum ɗaya, tsalle ɗaya, amma hannun ya koma bayan ƙwallon, gudun ya ɗan sauka, hanyar ta miƙe, ba ya ba ta nisan da ba za ta iya dawowa ba. 'Yan wasa na da wani lissafin kan yatsa: ka cire 31 daga tsawon man, abin da ya rage shi ne falankin da ya kamata ƙwallo ta kasance a kai lokacin da take fita daga mai. In man ƙafa 45 ne, falanki na 14 ke nan, kusa da aljihu sosai, tunda aljihun yana wajen falanki na 17 da rabi. Ma'ana, a dogon mai babu filin yin ado. Kwanar 'yar ƙarama ce, a makare take zuwa, kuma dole ta zo da ƙarfi. Mai ƙarancin juyi sai ya rage gudu sosai kafin ƙwallonsa ta kama, in ya rage kuma kwalabe su raina ta. Belmonte ba ya cikin wannan tsaka mai wuya. Yana iya barin gudunsa da ɗan dama, juyin ya biya masa bashin.

Sannan ga ƙarar. Ina roƙon mai karatu ya sa abin sauraro a kunne. Jifar da ta shiga aljihu tana sulɓi ƙararta daban, kamar an zubar da itacen girki. Tasa kuwa tsawa ce guda ɗaya, gajeriya, sai ka ga fili fes. Wani lokaci ta goma ta tsaya, har ka fara cewa kash, sai ga kwalbar farko ta daki bangon hagu ta dawo a kwance, ta ratsa filin ta kwashe ta. Ɗan aike suke kiran wannan kwalba, kuma 'yan aiken Belmonte ba sa ɓata hanya. Na taɓa yin ihu a kan wannan har maƙwabcina ya buga ƙofa yana tambaya ko lafiya.

Ba hannu kaɗai ke aikin ba, kuma ba zan ɓoye wannan don in ƙara masa girma ba. Ƙwallon zamani ba dunƙulen roba ba ce. Da can da roba ake yi, aka koma filastik, aka zo yuretan a farkon shekarun 1980, sannan a farkon shekarun 1990 aka fito da ɓawon da ke da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, mai tsotse mai kamar soso. A cikinta kuma akwai wani curi mai nauyi wanda da gangan aka ƙi yin sa mulmulalle. Wannan curin ke sa ƙwallon ta riƙa sauya kwanciya kaɗan-kaɗan tana tafe, ta yadda kowane juyi sabon wuri ne na jikinta, wanda bai jiƙe ba, ke taɓa layi. In ta dawo ta ramin da ke mayar da ƙwallaye, ɗauke ta ka duba: za ka ga zobba na mai a jere a jikinta, sirara, kamar zanen da ake yi wa ƙwarya. Kowane zobe juyi guda ne. Mai yawan juyi ya fi samun wannan amfani, don ya fi yawan kai busasshiyar fata ƙasa. Shi ya sa za ka ga Belmonte, kafin kowace jifa, yana goge ƙwallon da ɗan ƙyalle a natse, yana juya ta a tafin hannu kamar mai duba kankana a kasuwa.

Akwai kuma samfefa. Binciken da USBC ta yi kan tafiyar ƙwallo ya gano cewa kaushin fatar ƙwallon ya fi komai tasiri a kan yadda take lanƙwasa, har ya fi curin ciki. Don haka kafin a fara gasa a layi mai yawan mai, za ka ga ana bin ƙwallaye da samfefa mai lamba 500 ko 1000, a kashe musu sheƙi su yi dishi-dishi, su sami haƙoran cizo. Mai lamba 4000 ko wadda aka goge ta yi ƙyalli ta busasshen layi ce. A nan na gane wautata ta Abuja kashi na biyu: ƙwallayen da ke kan kanta a gidajen wasa na filastik ne masu santsi, an yi su ne don su tafi a miƙe. Ko Belmonte aka ba wa, ba za ta yi abin da ke cikin bidiyo ba. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai.

Abin da ya fi burge ni duka, shi ne man ba ya zama wuri ɗaya. Kowace ƙwallo da ta wuce ta sha wani, ta ja wani gaba. Layin da ka karanta a jifar farko ba shi ne a gabanka a ta ashirin ba. Daga baya PBA ta riƙa sa shuɗin rini a cikin man a wasannin talabijin don 'yan kallo su gani, kuma wallahi ranar da na fara ganin shuɗin nan yana ƙoƙewa a inda ƙwallaye ke bi, sai na ji kamar an cire mini yana daga ido. Su 'yan wasa ba rini suke karantawa ba, ƙwallon suke karantawa. Ta ɗan lanƙwaso da wuri da rabin ƙafa? Hanyar ta fara bushewa, a matsa hagu a nemi sabon mai. Haka za a yi ta matsawa, falanki biyu, falanki uku, har wuri ya ƙure wa mai ƙarancin juyi, don in ya ƙara matsawa ƙwallonsa ba za ta iya dawowa ba. A daidai nan Belmonte ke fara jin daɗi. Zai je can ƙarshen hagu, ya tsaya gaban injin da ke dawo da ƙwallo, ya cilla ta sama ta tsallake kwatar hagu, ta sauka a kan layi, ta ratsa shi a karkace cikin man da babu wanda ya taɓa, ta je dama, ta juyo. Mutum na jifa daga wajen layi yana share goma! In wannan bai sa ka tashi tsaye ba, to sai dai a duba jininka.

An yi masa surutu, ba kaɗan ba. Da ya shigo PBA ya ci kofinsa na farko a 2009, wasu tsofaffin hannu sun ce wannan ba bolin ba ne, wasu suka ce zamba ce, wasu suka ce bayansa ba zai kai shekara biyar ba. Maganar zamba dai ba ta da tushe: doka ba ta hana ba, kuma a lokacin sakin ƙwallo hannu ɗaya ne a kanta. Ni abin da ke ba ni dariya shi ne, kusan irin wannan ƙorafin aka yi wa Mark Roth a shekarun 1970, lokacin da ya zo da fizgarsa mai ƙarfi yana murza ƙwallo yadda ba a saba gani ba, ya ci kofi takwas a 1978 kaɗai. Yau Roth uban gidan masu juyi ne, kowa na yi masa addu'a. In an ga sabon abu, sai an fara cewa haram kafin a tambayi kuɗinsa.

Amsar da Belmonte ya bayar a kan allo take. Manyan kofunan wasan guda biyar ne, ya ci su har sau 15, babu wanda ya taɓa kaiwa nan. Kafin shi, Earl Anthony da Pete Weber ke riƙe da tarihin da goma-goma, ya wuce su a 2019. Gasar Masters sau huɗu, uku daga ciki a jere, 2013 zuwa 2015. Gwarzon shekara na PBA sau bakwai, daidai da Walter Ray Williams Jr. Wanda ya fi daɗewa yana ba shi wahala shi ne US Open, gasar da aka san ta da shimfiɗaɗɗen mai marar tausayi, inda masu sukarsa ke cewa a nan ne juyi ba ya ceton kowa. A watan Fabrairun 2020, a birnin Lincoln na jihar Nebraska, ya ci ta, ya zama mutum na biyu bayan Mike Aulby da ya haɗa duka biyar ɗin. Wa ya doke a wasan ƙarshe? Anthony Simonsen, wani matashi ɗan Amurka mai jifa da hannu biyu. Kofin da aka ce ya fi ƙarfin 'yan hannu biyu, sai ga shi su biyu ne suka rage a kansa. Na kalli wasan nan ya fi sau goma, kuma har yau in aka zo zagayen ƙarshe sai tafin hannuna ya yi gumi, alhali na san yadda za ta ƙare.

Ba shi kaɗai ya fara ba, kada 'yan Finlan su ji haushina: Osku Palermaa ya taso da irin wannan salo a lokaci guda, kuma shi ma ya ci ɗaya daga cikin manyan kofunan. Bayansu ga Jesper Svensson na Suwidin, bahago, ga Kyle Troup mai tulin gashi, ga Simonsen da ya ci Masters a 2016 yana ɗan shekara 19. Kuma masu hannu ɗaya ba su mutu ba. EJ Tackett na murza ƙwallo da babban yatsansa a ciki har ka rantse hannu uku gare shi, kuma a 'yan shekarun nan shi ke jan zaren. Na yarda. Amma da suka haɗu a wasan ƙarshe na gasar zakaru a 2023 a jihar Ohio, wa ya ɗaga kofin? Belmonte, yana dab da cika arba'in, da bayan nan da aka ce ba zai kai shekara biyar ba.

In akwai abin da zan yi ƙorafi a kai, masu ɗaukar hoton talabijin ne. Sun fi son nuna fuska da tafin 'yan kallo. Ni hannun nake so. A kafa kyamara ɗaya a ƙasa, daidai idon sawunsa na hagu, a bar ta a nan har a tashi. Duk abin da ke faruwa a ƙafa 60 na layin nan, an riga an yanke hukuncinsa a cikin tazarar da ba ta fi taƙi ɗaya ba, tsakanin lokacin da ƙwallon ta bar tafi da lokacin da ta bar kan yatsu. Sau ɗaya ko biyu a wasa suke nuna wurin, su ma a gurguje.

Ga masu sa babban yatsa ma darasin bai canza ba, na lura. Babban yatsan ne ke fara fita, ƙwallon ta zauna a kan yatsu biyu na ɗan ƙiftawa, a wannan ɗan lokacin ake haifar juyi. Wanda ya matse ƙwallo don tsoron kada ta faɗi, babban yatsansa zai makara, yatsun su rasa lokacinsu, ƙwallon ta tafi a mace. Abin da Belmonte ya yi shi ne ya sallami babban yatsan gaba ɗaya, ya ba hannun hagu aikin riƙo, ya bar wa yatsu biyu filin su kaɗai.

Na koma gidan wasan nan bayan wata biyu. Wannan karon ban murɗa komai ba. Na sa hannu a ƙarƙashin ƙwallon, na bar ta ta gangaro ta kan yatsu kamar ina tura gare-gare a layin unguwarmu. Ƙwallon filastik ce, ba ta san cizo ba, amma na rantse a ƙafa goman ƙarshe ta ɗan karkato, falanki biyu ko uku, ta kayar da bakwai. Na juyo ina neman shaida. Ƙanena na can yana danna waya. Yaron da ke kula da layukan ne kawai ya gani, ya ɗaga mini babban yatsa ya ce, "Alhaji, saura ukun."